Libarbar Bahago

A gidan su Twila Hargett akwai dokar da ba ta bi mai ita kabari ba. Duk shekara, idan an sayar da maruƙa da kaka, ana ƙara libarba guda a kabad ɗin ƙarfen da ke ɗakin Baba. Amma ba ta shiga haka kawai. Sai mai ita ya tsaya a bakin kwamin shayar da shanu, ya miƙa hannu ɗaya, ya harba ta, ya kayar da gwangwanin kofi daga kan dirkar shingen da ke bayan rumbun ciyawa. Kafin gwangwani ya faɗi, bindiga baƙuwa ce, a ƙaramin akwati mai kwaɗo take kwana a saman firjin kicin. Baba yakan ce shi ba ya ajiye abin da bai san halinsa ba.

Da ya rasu, Twila ya bar wa makullin, ba yayanta Boyd ba, kuma babu wanda ya yi mamaki. Boyd tun yana yaro ya fi son inuwa, yanzu ma inshora yake sayarwa a garin Casper, a nan jiharsu ta Wyoming. Twila ce ta tafi Colorado ta karanto likitancin dabbobi, ta dawo gonar da aka ce mata babu abin da mai digiri za ta tsinta a ciki sai iska da kashin shanu. Ta ci gaba da al'adar ita kaɗai. Ba ta taɓa barin baƙuwa ta wuce yini a saman firji ba.

Sai bana. Lokacin haihuwar shanu, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, wata karsana ta firgita ta matse mata hannun dama a jikin ƙofar ƙarfe. Likitoci suka ɗinke abin da zai ɗinku. Yatsu uku suka dawo aiki. Babban yatsa da manuni kuwa suka zama kamar baƙin da suka zo biki gidan da ba su san kowa ba, suna nan dai, ba sa taɓuka komai.

Ta koyi yi wa saniya allura da hagu. Ta koyi ɓalle maɓalli, ta koyi sa hannu a takarda, ko da yake sunan nata yana fitowa kamar tafiyar kaza a taɓo. Kabad ɗin ne ta kasa. Sau ɗaya ta buɗe shi. Irin bindigogin da Baba ya tara, na tsohon yayi ne, sai an ja 'yar gudumar baya da babban yatsa an ɗana kafin kowane harbi. Nata yatsan ya hau gudumar ya zame. Ta mayar da bindigar hannun hagu, sai ƙotar ta soke ta a tafi, domin Baba ya sassaƙa wa kowace ɗaya ƙota da kansa, da tudun da babban yatsan dama zai kwanta a kai. Ta rufe kabad, ta rataye makullin, ba ta gaya wa kowa ba.

Da kaka, ranar bajekolin bindigogi na gundumarsu, su uku suka cika gaban a-kori-kurar Kawu Orval, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya tsufa har hularsa ta fara yi masa yawa. Boyd ya taso daga Casper musamman, abin da bai taɓa yi ba.

"Likita," in ji Boyd, "bana na sauƙaƙe miki. Ba yawo tsakanin tebura, ba ciwon ƙafa. Na riga na yi magana da Mista Lundgren, ya ajiye miki wata. In kin gan ta sai kin zauna."

"Yaya, kai da ba ka san gaban bindiga da bayanta ba?"

"Na san inda rami yake, can ne gaba."

Kawu Orval ya yi dariya har ya yi tari. "Rabu da shi, ɗiyata. Ran da ubanku ya ba shi bindiga ya harbi gwangwani, kwamin ruwa ya huda. Shanu suka wuni suna kallonmu."

"Kawu, shekaruna nawa lokacin?" in ji Boyd.

"Gemunka ya fito dai."

Twila ta yi murmushi, ta ajiye hannun dama a cinya, ta rufe shi da na hagu. Ta lura kawun nata bai tambayi Boyd wace irin bindiga ba ce. Ke nan ya sani.

Zauren bajekolin shi ne wanda ake gasar tumaki a ciki da rani, warin bai gama fita ba, ya haɗu da na man bindiga da na kofin da matan coci suke sayarwa a bakin ƙofa. Kowace bindiga a kan tebur an zarge ta da igiyar roba don kada a ɗana. Mutane suka yi ta gaishe ta. Kowa sai ya miƙo hannu, ya tuna, ya mayar da shi kan hula. Ita kuwa ta miƙa hagu da gangan, ta bar su suna neman yadda za su kama.

Mista Lundgren bai ajiye tasa a kan tebur ba. Ya sunkuya ya ɗauko akwatin katako, ya sa farar safar hannu, sannan ya buɗe.

Ba ta yi wa kanta ƙarya ba, bindigar ta yi kyau. Baƙin ƙarfen yana sheƙi kamar ruwan rijiya, an zana masa ganyaye da rassa tun daga baki har gindi, da zaren zinariya a zagaye da gangar harsasai. Ƙotar fara ce sol, sumul, ba ta dama ba ta hagu.

"Ta girme ki," in ji Lundgren a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri. "Ba a taɓa harba ta ba. Ko juya gangar ba a taɓa yi ba. Dubi nan, ba ko ɗigon layi."

Ta sani. Duk mai tara libarba ya san cewa da zarar an ɗana sabuwa, gangar ta juya, wani siririn layi zai fara bayyana a jikinta, kuma daga ranar ta bar sahun waɗanda ba a taɓa ba. Akwai masu tara irin waɗannan har su mutu ba su ji ƙarar ko ɗaya ba. Baba yana kiransu masu kiwon dawakin hoto.

Lundgren ya ba ta safa, ya ɗora mata bindigar a tafin dama. Babu igiyar roba a jikinta, don ko roba ba a yarda ta goge ta ba. Nauyin ya zauna mata daidai, kuma kafin ta yi tunani, babban yatsan ya hau gudumar da kansa, yadda ya saba tun tana 'yar firamare.

"Kai! Kai! Malama!" Lundgren ya zabura har ya ture kofin kofinsa.

Boyd ya dafa masa kafaɗa. "Kwantar da hankalinka, Mista Lundgren. Ba za ta iya ja ba."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Abin da ya sa ta fi jin zafinsa ke nan. Ta dubi yatsan nata a kan gudumar, yana kwance lafiya lau, ba ya barazana ga komai. Ta dubi yayanta, ta dubi kawunta da ya sami abin kallo a rufin zauren. Sai ta gane dabarar. Sun nemo mata bindigar da doka ta hana a harba, don kada a taɓa cewa ita ce ta kasa. Za a ɗauke ta daga akwati a sa a kabad, babu gwangwani, babu kwami, kowa ya ce ai irin wannan ba a harba ta. Baɗi a nemo wata irinta. A hankali kabad ɗin Baba ya zama ɗakin kallo, ita kuma mai gadi.

Abin da ya ba ta tsoro shi ne, wani ɓangare na zuciyarta ya so hakan. Ta gaji. Tun bazara take koyon abin da yara suka iya, ɗaure takalmi, yanka nama a faranti. Ga hanya an share mata, ba wanda zai ga gazawarta, har ita kanta.

Ta mayar da bindigar cikin akwatin a hankali, ta cire safar.

"Bari in zaga tukuna," ta ce.

"Zaga me?" in ji Boyd. "Wani daga Montana yana nemanta fa."

"To a gaishe shi."

Ta bi layin teburan ba tare da ta san me take nema ba. Ta wuce masu sayar da wuƙaƙe, da mai kilishin barewa, da samarin da suke ja-in-ja kan sababbin bindigogin roba masu sauƙin kunama. Ɗayansu ya ce irin tasa ce ta dace da mai ciwon hannu, ba ɗanawa, ba wahala. Gaskiya ya faɗa, ta tsaya ta saurare shi, ta gode. Amma kabad ɗin Baba ba ya da gurbin irinsu, kuma ba kariya take nema ba, tana da bindigar farauta a bayan ƙofa kamar kowa.

A can ƙarshe, kusa da ƙofar da iska take shigowa, wata tsohuwa tana zaune tana saƙa. A gabanta akwai kayan da ba sai an faɗa ba, na mamaci ne: linzami, tsofaffin takalman hawa, akwatin kayan kamun kifi, da libarba ɗaya a cikin kuben fata da ya yi baƙi don tsufa. A jikin kwali an rubuta sunanta, Misis Ostrander.

"Ina wuni, Inna. Zan iya dubawa?"

"Duba, 'yata. Kowa ma dubawa yake ya ajiye." Ba ta daina saƙar ba. "Ta Elwood ce, maigidana. Tun safe maza suke ɗauka suna cewa tana cizo."

Twila ta zare ta. Mummuna ce, babu wata kwana-kwana. Baƙin ya goge a baki da gefen ganga har farin ƙarfe ya fito, layin da Lundgren yake tsoro ya zagaye gangar ya zama kamar zobe. Amma gugar ta ba ta mamaki. Ta saba karanta jikin bindiga yadda take karanta kofaton doki, kuma wannan duk alamunta a juye suke. Inda tafi ya cinye katako yana gefen da bai kamata ba. Tudun babban yatsa ma haka. Ta duba kuben. Na ƙugun hagu ne.

Ta mayar da bindigar hannun hagu. Ƙotar ta shige tafinta kamar an auna. Yatsan ya sami makwancinsa.

"Bahago ne?"

"Bahago na ƙin ƙari," in ji tsohuwar. "Malamarsu ta ɗaure masa hannu a kujera shekara guda, ya fito da hagunsa. A coci ma da ita yake gaisawa da fasto. Shi ya fafe katakon nan da wuƙar aljihu, ya cika min kicin da ɓawo."

"Tana harbi daidai?"

"A hannunsa dai, dila bai taɓa kai wa kaji ziyara sau biyu ba. A hannun wani ban sani ba." Sai a lokacin ta ɗago, ta dubi hannun daman Twila, ta dube shi sosai ba tare da ta kawar da ido ba, yadda ba wanda ya yi duk yinin. "Saniya ko inji?"

"Saniya."

"Tana raye?"

"Ta haifi namiji."

"To madalla," in ji ta, ta koma kan saƙarta.

Kawu Orval ya iso yana jan ƙafa. Ya karɓi bindigar, ya leƙa bututun a hasken ƙofa, ya girgiza gangar ya ji ko tana lilo. Sannan ya buɗe 'yar ƙofar da ake zura harsasai, wadda take gefen dama a duk irin waɗannan.

"Kin san me ubanki yake cewa? Wai duk wanda ya ƙago bindigar nan bahago ne, ya yi wa duniya wayo. Mu sai mun sauya hannu kafin mu cika ta. Bahago kuwa yana riƙe da ita, dama tana zura masa." Ya dubi yatsunta uku masu aiki. "Waɗannan za su iya tura harsashi?"

"Suna tura ƙwaya a bakin maraƙi."

Boyd ya same su ana cike takardu. Ya dubi bindigar, ya dubi ƙanwarsa, fuskarsa ta yi ja.

"Wannan? Twila, wannan ai ko a bola aka tsince ta sai a duba ko wani na kallo."

"Ita nake so."

"Don Allah saurare ni. Ba wanda ya ce sai kin nuna wa wani wani abu. Baba ya tafi. Gwangwani ne fa, gwangwanin kofi! In kin je kin tsaya kina harbin iska, ke za ki ji ciwo, ba ni ba. Ni na zauna a asibitin nan na ga hannun kafin a naɗe shi."

"Na sani, Yaya. Ban manta ba." Ta sassauta murya, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ka nemo min wadda za ta rufa min asiri, na gode. Ni kuma ban yi abin kunya ba balle a rufa. In na kasa, ina so in kasa a bakin kwami, idona biyu."

"Taurin kai irin na Baba."

"Kai ka ɗauki kyau, ni na ɗauki wannan."

Bai yi dariya ba, amma shi ya ɗaukar mata kuben har mota.

Washegari da hantsi ta ɗora sabon gwangwani a kan dirka, ta koma bakin kwami. Boyd ya ce yana da aiki a Casper, ya tafi tun da sassafe, ta san don kada ya gani ne. Kawu Orval ya zauna a kan buhun gishirin shanu ya toshe kunnuwa.

Cikawa ta zo da sauƙi, yadda ya ce. Ɗanawa ma yatsan hagu ya iya, da ƙyar. Ta miƙa hannu, bakin bindigar yana zana da'ira a iska kamar mai neman ƙuda. Ta harba. Ƙasa ta tashi nesa da dirkar, nesa sosai. Ta harba sauran, babu wanda ya ko gaishe da shingen.

"To," in ji Kawu Orval, "kwamin dai yana nan lafiya. Kin fi yayanki."

Bindigar Elwood ta hau saman firji.

Ta kwana a can har sanyi ya shigo, har dusar ƙanƙara ta rufe ƙasan shingen. Kullum bayan Twila ta ba shanu ciyawa, kafin ta fita zagayen dabbobin maƙwabta marasa lafiya, sai ta je bakin kwami, ta fasa ƙanƙarar da ta daskare a kan ruwan, ta cire safar hagu da haƙori. Wata rana iska tana ture gwangwanin kafin ta ɗaga hannu, sai ta cika shi da tsakuwa. Ta gano idonta na dama ne yake jan saiti, yana gardama da hannun, shi ya sa harsasan suke karkacewa gefe guda, sai ta liƙa 'yar takarda a gilashin tabaraunta na dama, tana yawo a tsakar gida kamar wadda aka yi wa aikin ido. Da yamma tana zama ta riƙe tsohon dutsen guga a miƙe da hagu har kafaɗar ta yi rawa.

Akwai safiyar da ta zauna a gefen kwamin ta yi kuka, ba don zafi ba, don haushi. Ta tuna farar ƙotar nan ta Lundgren, ta ce da yanzu tana kabad, kowa ya huta. Da ta gama, ta share fuska da hannun riga tun kafin hawayen su daskare, ta tsince kwanson harsasan daga cikin ƙanƙara, ta koma ciki. Gobe ta dawo.

Boyd yana bugo waya ranar Lahadi. Ba ya tambaya kai tsaye. "Yaya firji?" yake cewa.

"Yana da baƙuwa har yanzu."

Dirkar ce ta fara shan wuya. Ta tsattsage daga ƙasa, raunukan suna hawa sama kaɗan-kaɗan, har Kawu Orval ya ce in aka ci gaba haka sai dai gwangwani ya faɗi don an sare masa kujera.

Gwangwanin ya faɗi ne wata safiya da ƙanƙara ta fara zama taɓo, shanu sun fara haihuwa. Babu wani abu na daban a ranar. Ta ɗana, ta saki rabin numfashi, ƙarar ta tashi, sai ta ga dirkar babu komai a kai. Ta daɗe a tsaye. Kawun nata yana bakin rumbu da bokiti a hannu.

"Iska ce," ya ce.

Ta cire sauran harsasan, ta sa bindigar a kube, ta taka taɓon har shinge. Ta dawo da gwangwanin, ta zube tsakuwar a gabansa, ta ɗaga shi sama yadda rana ta ratsa ta ramin ta sauka a ƙirjinsa.

"Iskar Wyoming ta yi ƙarfi bana," ta ce.

Tsohon ya cire hula, ya mayar, ya fyace hanci, ya ce bokitin nan ba zai kai kansa ba.

Ta goge bindigar Elwood da mai a teburin kicin, ta ɗauko makullin daga inda ya rataye tun bara. Kabad ɗin ya buɗe da warin da ta sani. Ta rataye mummunar a gurbin da yake jiranta, a ƙarshen sahu, ƙotarta tana kallon wani gefe daban da na 'yan uwanta. Kawu Orval ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shi ke nan, ɗiyata. Rufe, mu sha kofi. Ki kira ɗan inshorar nan ki ba shi labari."

Ba ta rufe ba. Tana kallon sauran, tun daga ta farko, wadda Baba ya saya kafin a haife ta. Duk sun kayar da gwangwani, amma da hannun da ba ya nan yanzu. Wannan hannun bai san halin ko ɗayansu ba.

Ta sauke ta farkon, ta kawo ta tebur. Ta danne ta da yatsu uku na dama, ta kwance kusar ƙotar da hagu. Katakon da Baba ya sassaƙa ya rabu biyu, ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta ajiye a cikin kabad, a gurbin bindigar.

"Kawu, ragowar jan katakon nan na Baba yana rumbu?"

Ya dube ta, ya dubi sahun da ya rage a jikin kabad ɗin. "Duka za ki bi?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

"Ni dai ba zan kai ƙarshensu ba."

"To ka riƙe min na farko, ni in fafe."

Ya tafi neman katakon yana gunaguni. Ita kuma ta ɗauki bindigar Baba, tsirara ba ƙota, ta sa ta a ƙaramin akwati, ta ɗora a saman firji.